Darasi na 9: Muryarka da Kamanninka a Gaban Doka

Manufofin darasi

Idan kun kammala wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. bayyana yadda na'ura take kwaikwayon muryar mutum ko kamanninsa;
2. bambanta haƙƙin mallakar aiki da haƙƙin mutum a kan muryarsa da fuskarsa;
3. kawo misalan dokoki da hukunce-hukuncen da wasu ƙasashe suka yi a kan wannan batu;
4. gane dokokin Najeriya da mutum zai kafa hujja da su idan an yi sojan gona da muryarsa;
5. duba takardar yarjejeniya da idon basira kafin ku sa hannu.

1. Yadda na'ura take ɗaukar murya

Kwaikwayo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da wuya a rasa unguwar da ba ta da wanda ya iya muryar wani mai shela ko tafiyar wani ɗan siyasa, ya yi a majalisa, a sha dariya a watse. Ba wanda yake ruɗewa, domin mai kwaikwayon yana tsaye, ana ganin fuskarsa. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne kwamfuta ta iya wannan aiki, kuma ita ba a ganinta.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Da farko ana ba manhaja rikodin maganar mutane masu ɗimbin yawa, ta yi ta nazari har ta gane yadda sauti yake haɗuwa ya zama kalma. Bayan haka sai a ba ta ɗan guntun muryar mutum guda. Daga nan za ta ɗauki kaurin muryarsa, da saurin maganarsa, da inda yake jan harafi. Duk abin da aka rubuta mata, za ta faɗe shi da wannan murya, ko da mai muryar bai taɓa furta shi ba. Haka ake yi wa fuska: a tara hotuna da bidiyon mutum, a ɗora fuskarsa a jikin wani, ko a motsa leɓɓansa su dace da kalaman da aka ƙaga.

Guntun da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. A watan Janairun 2023 masu bincike na kamfanin Microsoft suka nuna wata manhaja mai suna VALL-E wadda daƙiƙa 3 na magana suke isarta. A watan Maris na 2024 kamfanin OpenAI ya ce tasa manhajar daƙiƙa 15 take buƙata. Saƙon murya guda da kuka aika wa ɗan uwa a WhatsApp yau da safe ya fi haka tsawo.

> Akwati na 1
> Ƙirƙirarriyar basira: fasahar da ke sa kwamfuta ta koyi aiki daga misalai masu yawa, sannan ta samar da sabon rubutu, sauti ko hoto da kanta.
> Kwafin na'ura: murya, hoto ko bidiyo da kwamfuta ta haɗa, wanda mai ji ko mai gani zai ɗauka wani takamaiman mutum ne, alhali mutumin bai faɗi abin ba, bai kuma aikata ba.
> Izini: yardar da mutum ya bayar da saninsa, bayan an bayyana masa abin da za a yi da muryarsa ko hotonsa.

2. Waƙa da mai waƙa: inda tsohuwar doka ta bar giɓi

Mutane da yawa suna zaton dokar haƙƙin mallaka ta wadatar. Bari mu duba abin da take karewa. Tana kare aikin da aka yi: baitocin waƙa, kiɗanta, rikodin da aka naɗa a situdiyo, fim, littafi. Idan wani ya kwafi rikodin mawaƙi yana sayarwa a kasuwa, ya taka wannan doka. To idan kuma sabuwar waƙa ya rubuta da kansa, ya sa kiɗansa, amma ya sa na'ura ta rera ta da muryar wani fitaccen mawaƙi fa? Bai saci baiti ba, bai saci rikodi ba. Abin da ya ɗauka muryar ce kawai, ita kuwa murya ba aiki ba ce da za a ce wane ya wallafa ta ranar kaza.

Wannan tambaya ta girmi kwamfutar da muke magana a kai. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin motoci na Ford a Amurka ya so mawaƙiya Bette Midler ta rera wata waƙarta a tallarsa, ta ƙi. Sai kamfanin da ke shirya tallar, Young & Rubicam, ya nemo wata tsohuwar 'yar amshinta, aka ce ta rera kamar yadda uwar ɗakinta take yi. Ta kuwa iya, har mutanen da suka san Midler suka ɗauka ita ce. Abin lura a nan shi ne masu tallar sun sayi izinin waƙar daga masu haƙƙinta, don haka ta fuskar haƙƙin mallaka ba su da laifi. Duk da haka a 1988 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa idan aka kwaikwayi sananniyar muryar mawaƙi da gangan domin a sayar da kaya, an ɗauki abin da ba na mai ɗauka ba. A 1989 aka yanke mata diyyar dala 400,000. Ba a jima ba mawaƙi Tom Waits ya yi irin wannan ƙara a kan kamfanin Frito-Lay, ya samu fiye da dala miliyan 2.

Waɗannan hukunce-hukunce sun kafa tushe, amma ƙofarsu ƙunci gare ta. Sai muryarka ta zama sananniya, sai kuma an yi amfani da ita wajen talla. Manomi ko ɗalibar da aka yi wa ƙage da na'ura ba su shiga ciki ba.

A watan Afrilun 2023 matsalar ta fito fili. Wata waƙa mai suna "Heart on My Sleeve" ta bazu a intanet da muryoyin mawaƙan nan biyu, Drake da The Weeknd, alhali ko ɗayansu bai shiga situdiyo ba. Miliyoyin mutane suka saurare ta kafin a sauke ta daga Spotify da YouTube da sauran dandali bayan ƙorafin kamfanin Universal Music. Daga nan masana'antar waƙa ta tashi haiƙan wajen neman sabuwar doka.

> Akwati na 2
> Haƙƙin mallaka: ikon da doka ta ba wanda ya ƙirƙiri aiki, kamar waƙa ko littafi ko fim, na hana a kwafa ko a sayar ba da izininsa ba.
> Haƙƙin kamanni: ikon mutum na hana a yi amfani da sunansa, hotonsa, kamanninsa ko muryarsa ba da izininsa ba.
> Diyya: kuɗin da kotu ta umarci wanda ya yi ɓarna ya biya wanda ya cuta.
> Tara: kuɗin da mai laifi yake biyan hukuma a matsayin horo.

Misali na 1. Wani mai shagon sayar da turare ya sa an haɗa masa talla da muryar wani sanannen mawaƙin Hausa. Kalmomin tallar shi ya rubuta, kiɗan kuma sabo ne. Mawaƙin ya ji tallar a waya, ya ce bai san da ita ba. Wane haƙƙi aka taɓa?

*Amsa:* Mu bi abin daki-daki. An kwafi baitin mawaƙin? A'a. An kwafi rikodinsa an saka a tallar? A'a. Ke nan da wuya ya yi nasara idan haƙƙin mallaka kaɗai ya riƙe. Amma masu sauraro za su ɗauka shi ne yake yabon turaren, mai shagon kuma zai ci riba da sunan da mawaƙin ya sha wahalar ginawa. Haƙƙin kamanni ne aka taɓa.

3. Dokar jihar Tenesi

Cikin jihohin Amurka, Tenesi ce ta fara yin doka musamman domin kare murya daga kwafin na'ura. Ba abin mamaki ba ne, domin birnin Nashville, hedikwatar jihar, cibiyar waƙa ce da dubban mutane suke cin abinci a cikinta. A jihar ne kuma mawaƙi Elvis Presley ya zauna har ya rasu a 1977, kuma rigingimun da aka yi kan masu sayar da kaya da hotonsa suna cikin abin da ya sa jihar ta yi dokar kare suna da hoto tun 1984. Sabuwar dokar, wadda ake kira dokar ELVIS, gyara ce ga waccan. Gwamna Bill Lee ya sa mata hannu ranar 21 ga Maris, 2024, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli na shekarar.

Abu uku suka bambanta ta da ta da. Ta ƙara murya cikin abubuwan da ake karewa, ta kuma fayyace cewa ko muryar ta ainihi ce ko ta kwaikwayo, muddin mai ji zai gane ta wane ce, ta shiga. Ta daina taƙaita laifin ga talla kawai: wanda ya wallafa ko ya yaɗa kwafin yana sane da cewa ba a ba da izini ba, ana iya ƙararsa. Na ukun shi ne ya fi ba kamfanonin fasaha tsoro, domin ta kai hannu har ga wanda ya samar da manhajar da babban aikinta shi ne kwafar muryar wani ko kamanninsa ba da izini ba. Ban da ƙarar neman diyya, karya dokar ƙaramin laifi ne da kan iya jawo ɗauri na ƙasa da shekara guda, da tarar da ta kai dala 2,500. Kariyar ta shafi kowa, fitacce da wanda ba a sani ba.

Sai dai wannan dokar jiha ce, ikonta bai wuce iyakar Tenesi ba. Shi ya sa a watan Yulin 2024 sanatoci huɗu daga jam'iyyun ƙasar biyu, Chris Coons, Marsha Blackburn, Amy Klobuchar da Thom Tillis, suka gabatar da ƙudurin NO FAKES domin a samu kariya iri ɗaya a ƙasar baki ɗaya. An sake gabatar da shi a watan Afrilun 2025.

> Akwati na 3
> Ƙuduri: daftarin doka da aka gabatar a majalisa. Ba ya aiki a kan kowa.
> Doka: ƙudurin da majalisa ta amince da shi, shugaba ko gwamna ya sa masa hannu. Ku riƙa lura da wannan bambanci idan kuna sauraron labarai.

4. Sa hannu a takarda

A ganina wannan sashe ya fi kowanne amfani ga mai sana'a, domin ba duk kwafin na'ura ake yi a ɓoye ba. Da yawa mai muryar ne da kansa ya sa hannu a takardar da bai karanta ba.

A 2023 ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka, SAG-AFTRA, ta yi yajin aiki na kwana 118, daga watan Yuli zuwa Nuwamba. Cikin abubuwan da suka tayar da ƙura har da tsoron ƙananan 'yan wasa, irin waɗanda ke fitowa a bayan fage, cewa za a ɗauki hoton jikinsu rana guda, a biya su ladan wannan rana, sannan a yi ta amfani da kwafinsu ba tare da an sake nemansu ba. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin ta tanadi a nemi izini kuma a biya. A watan Satumban 2024 Gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya sa hannu a wata doka da ta ce sharaɗin da ya ba kamfani damar maye gurbin ma'aikaci da kwafinsa ba zai yi aiki ba idan ba a fayyace yadda za a yi amfani da kwafin ba, kuma ma'aikacin ba shi da lauya ko ƙungiyar ƙwadago da ta tsaya masa.

Shari'ar da ta fi fito da darasin a ƙasar Sin aka yi ta. Wata mai sana'ar ɗora murya ta naɗa wa wani kamfani rikodi, aka biya ta. Daga baya ta ji muryarta tana karanta abubuwan da ba ta taɓa karantawa ba. Ashe kamfanin ya miƙa rikodin ga wani kamfanin manhaja, shi kuma ya mayar da muryar hajar sayarwa, kowa ya rubuta abin da yake so ta karanta masa. Waɗanda aka yi ƙara suka ce ai rikodin mallakar kamfanin farko ne. A watan Afrilun 2024 Kotun Intanet ta Bejin ta ce mallakar rikodi daban, izinin mayar da murya ta na'ura daban, ta kuma yanke wa matar diyyar yuwan 250,000. Kotun ta dogara ne da kundin dokokin zamantakewa na ƙasar da ya fara aiki a 2021, wanda ya ce a kare murya kamar yadda ake kare hoton mutum.

Wannan ya shafi masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, da masu karanta talla a gidajen rediyo, da 'yan amshi, da duk wanda aka taɓa gayyata ya karanta jimlolin Hausa domin koyar da manhaja. Muryarsu ita ce jarinsu.

Misali na 2. An ba wata mai karanta labarai takarda mai ɗauke da wannan sharaɗi: kamfani yana da ikon amfani da muryarta ta kowace hanya, da wadda ake da ita yanzu da wadda za a ƙirƙiro nan gaba, har abada. Me ya kamata ta tambaya?

*Amsa:* Ta tambaya ko za a koyar da na'ura da muryar tata. Idan za a koyar, a wane aiki za a yi amfani da kwafin, kuma na tsawon wane lokaci? Za a iya sayar wa wani kamfani? Nawa za a biya ta duk lokacin da aka yi amfani da shi? Akwai abubuwan da ba ta yarda a faɗa da muryarta ba, kamar tallar caca ko yaƙin neman zaɓe? Duk amsar da aka ba ta, ta ce a rubuta a cikin takardar. Alkawarin baki ba ya tsayawa a gaban alƙali idan takarda ta faɗi akasinsa.

5. Bayan mutuwa

Na'ura tana iya tayar da muryar wanda ya daɗe a kabari. Wa ke da ikon cewa a yi ko kada a yi? Dokokin da muka gani sun ba magada. A Tenesi haƙƙin yana nan shekara 10 bayan rasuwa, yana kuma ci gaba muddin magada suna amfani da shi a kasuwanci. A Kalifoniya shekara 70 ne, kuma wata doka ta 2024 ta ce wanda ya yi kwafin ɗan wasa ko mawaƙin da ya rasu ba da izinin magada ba zai biya aƙalla dala 10,000.

Misali na 3. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999. Dokokin Amurka ba sa aiki a Katsina, amma mu ɗauka don lissafi kawai. Da tsarin Kalifoniya ake bi, zuwa yaushe magadansa za su iya hana a rera sabuwar waƙa da muryarsa?

*Amsa:* 1999 a tara da 70, ya ba da 2069. Da tsarin Tenesi ne, 1999 a tara da 10, ya ba da 2009, sai dai idan magadan sun ci gaba da cin moriyar sunan a kasuwa.

6. Cutar da ke samun wanda ba tauraro ba

Yawancin dokokin da muka ambata masu kuɗi ne suka matsa aka yi su, kuma asarar riba suka fi damuwa da ita. Talaka kuwa ta wasu hanyoyi uku ake cutarsa.

Ta farko damfara ce. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya shiga taro ta bidiyo, ya ga shugaban sashen kuɗi na kamfanin da wasu abokan aiki, suka umarce shi ya tura kuɗi. Ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk fuskokin da ya gani na bogi ne. A nan gida ma masu tantance labarai sun sha bankaɗo bidiyon da aka sa wa Alhaji Aliko Ɗangote kalaman da bai faɗa ba, ana kiran mutane su zuba kuɗi a wani shiri na ƙarya.

Ta biyu ita ce mafi muni: haɗa hoton tsiraici da fuskar wani, galibi mace ko yarinya. A al'ummar da mutuncin mace yake rataye da abin da ake faɗa a kanta, hoto ɗaya yana iya kashe aure ko ya raba yarinya da makaranta kafin a kai ga gano ƙarya ne. Ranar 19 ga Mayu, 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a dokar Take It Down, wadda ta mayar da wallafa irin wannan hoto laifi, na gaske ne ko na na'ura. Horon ya kai ɗaurin shekara 2 idan babba aka cuta, shekara 3 idan yaro ne, kuma dole dandali ya sauke hoton cikin awa 48 bayan wanda aka cuta ya nema. Koriya ta Kudu ta zarce haka, domin tun 2024 ko ajiye irin wannan hoto ko kallonsa da sani laifi ne a can.

Ta uku yaudarar jama'a ce a siyasa. A watan Janairun 2024 dubban masu zaɓe a jihar New Hampshire ta Amurka suka samu kiran waya da muryar shugaban ƙasar na lokacin, Joe Biden, ana ce musu kada su fita zaɓen fitar da gwani. Hukumar sadarwa ta ƙasar ta ci wanda ya shirya kiran tarar dala miliyan 6. A Sudan kuma, bayan ɓarkewar yaƙi a 2023, an yaɗa wasu rikodi a TikTok da sunan tsohon shugaba Umar al-Bashir, sai binciken BBC ya gano cewa wasunsu maganar wani mutum dabam ce aka juya ta da na'ura.

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar tilasta sa alama. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2024, ta tanadi cewa wanda ya fitar da kwafin na'ura ya bayyana cewa haɗa shi aka yi. Sin ta kafa irin wannan sharaɗi tun Janairun 2023. Wannan hanya tana da amfani ga mai gaskiya, amma ɗan damfara ba zai manna wa ƙaryarsa alama ba. A Indiya kuwa kotuna ne suka ja gaba: Babbar Kotun Delhi ta hana amfani da murya da hoton Amitabh Bachchan ba da izini ba a 2022, ta yi wa Anil Kapoor haka a 2023, sannan a 2024 Babbar Kotun Bombay ta hana wasu masu manhaja kwafar muryar mawaƙi Arijit Singh.

7. Me ɗan Najeriya yake da shi a hannu?

Kariyar da muke da ita a warwatse take cikin dokoki da dama, sai lauya ya tsinto wadda ta dace da irin cutar da aka yi.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa. Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023 ta sanya bayanan jiki da ake gane mutum da su, har da hoton fuska da murya, cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Ta ba mutum ikon janye izininsa, da neman a goge bayanansa, da kai ƙorafi ga Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya. Tarar da ta tanada wa manyan masu sarrafa bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta sojan gona da sunan wani, rayayye ko mamaci, domin cin riba ko cutarwa, a sashe na 22. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare wasan da mawaƙi ko ɗan wasa ya yi, ta kuma ba da hanyar neman a sauke abin da aka sata daga intanet, sai dai kun ga iyakarta a Misali na 1. Ga kuma dokokin ɓata suna da na zamba cikin aminci waɗanda suka daɗe. Nijar tana da dokar laifuffukan intanet ta 2019 da hukumar kare bayanan mutane, Gana kuma tana da dokar kare bayanai ta 2012.

> Akwati na 4
> Sojan gona: mutum ya nuna shi wani ne domin ya yaudari jama'a.
> Ɓata suna: yaɗa ƙarya a kan mutum wadda za ta zubar masa da mutunci.
> Hujja: abin da ake gabatar wa kotu domin tabbatar da magana, kamar hoto, rikodi ko shaida.

Misali na 4. Wata uwa ta samu kira daga baƙuwar lamba. Muryar ɗanta ce da ke karatu a wani gari, yana kuka, yana cewa ya yi haɗari, a tura naira 200,000 yanzu-yanzu. Me za ta yi?

*Amsa:* Ta kashe wayar, ta kira lambar ɗan nata da ta sani, ko ta abokin zamansa. Gaggawa ita ce makamin ɗan damfara, don haka duk kiran da ya hana ka tunani abin zargi ne. Yana da kyau iyali su ajiye wata kalma ta sirri da za a tambaya a irin wannan hali. Idan ta riga ta tura kuɗin, ta sanar da bankinta nan take, ta adana lambar da aka kira ta da ita da lambar asusun da shaidar turawa, ta kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Wanda aka yi wa bidiyon bogi kuma ya ɗauki hoton shafin da kwanan wata kafin a goge, sannan ya nemi dandalin ya sauke. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

8. Inda doka ta dakata

Doka ba ta hana barkwanci ba. Dokar Tenesi da kanta ta ware labarai, sharhi, suka, nazarin ilimi da wasan ba'a, gwargwadon yadda tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin faɗar albarkacin baki. Wannan rangwame ya zama dole, domin in ba haka ba mai mulki zai fake da haƙƙin kamanni ya rufe bakin duk mai yi masa shaguɓe. Akwai kuma kwafin da ke da amfani, kamar mara lafiyar da cuta ke neman ɗauke masa magana ya adana muryarsa domin na'ura ta riƙa magana da ita a madadinsa. Tambayoyin da za ku auna kowane kwafi da su ke nan: an nemi izini? Mai hankali zai ɗauka da gaske ne? Wa ya ci riba, wa ya cutu?

Tambayoyin bita

1. Bayyana ma'anar kwafin na'ura da kalmominka.
2. Me ya sa haƙƙin mallakar waƙar da masu tallar Ford suka saya bai kare su ba a shari'ar Bette Midler?
3. Kawo abubuwa biyu da dokar ELVIS ta ƙara a kan dokar 1984.
4. Mene ne bambancin ƙuduri da doka? Kawo misalin kowanne daga darasin.
5. Wane hukunci Kotun Intanet ta Bejin ta yanke a 2024, kuma me ya sa ya shafi mai fassara fim a Kano?
6. Mawaƙi Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. Da tsarin shekara 70 ake bi, a wace shekara haƙƙin magadansa zai ƙare?
7. Awa nawa dokar Take It Down ta ba dandali ya sauke hoto bayan an nema?
8. Wani ya haɗa bidiyon ba'a da muryar ɗan takara, ya rubuta a kansa ƙarara cewa wasa ne. Wani kuma ya yanke rubutun ya yaɗa bidiyon ana jajibirin zaɓe. Ku tattauna a ƙungiya: wanne daga cikinsu ya fi kusa da karya doka, kuma me ya sa?
9. Rubuta sharuɗɗa uku da za ka nemi a saka a takarda kafin ka yarda a naɗi muryarka.